Ya Farke Injin Wankina Don Ya Cilla Jirgin Wasa

Anti Batulu, don Allah ki agaje ni da shawara, abin ya ishe ni.

Shekararmu goma sha tara a Makka, muna zaune a Utaibiyya. Maigidana ma'aikacin lantarki ne a kamfanin gine-gine, ya ba hamsin baya, furfura har gemu. Amma wai yanzu ba shi da zance sai jirgin wasa. Jirgin ma ko inji babu, fukafukai ne zaro-zaro, sai an cilla shi sama sannan a riƙa juya shi da rimot. Abokin aikinsa Talal ne ya koya masa wannan shirmen.

Cillawar ce ta zame mana masifa. Da farko doguwar roba ya sayo, ya kafa turke, ya riƙa ja da baya kamar mai harbin ƙadangare. Wai ba ta kai shi sama sosai. Na je unguwar Shisha duba yayata, na dawo na tarar ya farke injin wankina, ya cire abin da ke juya shi, ya haɗa da batir da gangar naɗe igiya da wani abin takawa. Sati uku ke nan ina wanki da hannu, a zafin garin nan.

Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ya matsa sai na bi shi bayan gari ganin gwaji. Talal da matarsa Abir suna wurin. Ya gyara tsayuwa kamar matuƙin gaske, ya taka. Anti, jirgin ko tsayin mutum bai tashi ba. Ya yi ta jan ciki a kan duwatsu har fiffike ɗaya ya ɓalle, igiyar ta harɗe ƙafar gwanin, ya faɗi zaune. Na yi dariya har da hawaye, na kuma ce wa Abir ta ga injiniyan da nake aure. Ya ji.

Tun ranar sallama kawai ke haɗa mu, abinci ma a mat'am, wato gidan sayar da abinci, yake ci. Wai ni ce zan ba shi haƙuri?

Mai Wanki da Hannu, Utaibiyya

Ƙanwata,

Mijinki ya yi wauta, ba zan ɓoye miki ba. Mai gyaran lantarkin benaye ya rasa inda zai samo inji sai a banɗakin matarsa, ko tambaya babu? Wannan rashin ta-ido ne. Ya gyara miki kayanki cikin satin nan.

Amma ke ma kada ki wanke kanki. Dattijo ya yini kan gini, ya sami abu guda da ke faranta masa rai, cikin duk mutanen Makka ke ya zaɓa ki gani. Ya faɗi, ba ki tambayi ƙafarsa ba, sai kika mai da shi abin nishaɗin matar abokinsa. Wannan ba wayo ba ne.

Abin da ya kamata ya dame ki ma ba ki ambata ba. Tashin irin waɗannan jirage yana da doka a ƙasar nan, ku kuma baƙi ne, da takardar iƙama kuke zaune. Ya bincika izini da wurin da aka yarda kafin ya sake kafa turke. Igiyar da inji ke ja kuma tana iya yanka mutum, ya nemi waɗanda suka san abin su duba masa.

Ki ba shi haƙuri kan maganar da kika yi a gaban mutane, ita kaɗai. Sauran laifin nasa ne, ki faɗa masa ku biyu a ɗaki. Allah ya daidaita tsakaninku.

Anti Batulu