Maƙalan Shanya Goma Sha Ɗaya

Santiyago, ranar Lahadi

Yaya Mirlande,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara? Ki gaida min kowa a Jeremi.

Ni lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Likita ya gano ciwon nan. Sikilerosis sunansa, yana cin jijiyoyi a hankali, kuma ba ya warkewa. Kada Mama ta ji.

Kin san duk Lahadi nakan tara mazanmu 'yan Haiti da ke zaune a nan, ina ta faɗa musu cewa baƙin mutum ma zuciya gare shi, a daina haɗiye damuwa. Da wasan domino nake jawo su, in ba haka ba babu mai zuwa. Yau aka yi ta cinye ni, suna maƙala min maƙalan shanya, masu matse tufafi a igiya, a hannun dama, yadda ake yi a gida ga wanda aka ci a wasan. Har goma sha ɗaya. Abokina Fenel ya daki tebur ya ce, "Ku ga namijin duniya! Ko gezau! Kai, fatar jaki gare ka?"

Yaya, ko ɗaya ban ji ba. Hannun ya daina jin komai tun watan jiya. Na buɗe baki zan gaya musu, sai na ji ina dariya tare da su.

Ki aiko min ganyen shayin Mama, ko ƙamshin gida na ji. Ki sa ni a addu'a. Da hannun hagu na rubuta wannan, shi ma yatsunsa sun fara.

Ƙaninki,
Wilnor