An Riga An Kai Akuyar Godiya

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Maman Rahila da yara? Ina fata ƙafar nan ta daina damunka. Mu nan Kafanchan lafiya, jikin Mama ma da sauƙi.

Ka san watan jiya mun yi godiya a coci saboda Ayuba, wai auta ya gama jami'a. Mama ta ja akuya har gaban bagadi tana rawa, matan zumunta suna guɗa, Fasto yana kiransa Injiniya. To, bai gama ba.

Ashe tun yana aji biyu ya daina shiga wani kos na lissafi, wai lokacin yana cin karo da koyon waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Bai je ya cire sunansa ba, zuwa kawai ya daina. Makaranta ta rubuta masa faɗuwa, makinsa ya zube, yanzu sai ya ƙara shekara. Abokansa za su tafi bautar ƙasa, shi zai koma aji da ɗaliban da ke bayansa.

Da na tambaye shi, ko kunya babu ya ce, "Yaya, ai ni a zuciyata na ajiye kos ɗin." Ya san da wannan, ya durƙusa ana ɗora masa hannu. Ko kallonsa ba na son yi.

Kada ka aiko masa da kwat ɗin nan ta bikin kammala karatu tukuna. Ka gaishe da kowa, kuma ku sa ni a addu'a, don ni zan gaya wa Mama. Har yau in aka kira "Maman Injiniya" a kasuwa, juyowa take yi.

Ƙanwarka,
Ladi