Umma a Bakin Tafkin Filamingo

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Hutuna ya fara. Umma ta sauka jiya daga Kano, wata guda za ta yi mana a Parkchester, unguwarmu a nan Amurka. Ta rame. A jirgin ƙasa sai riƙe gefen mayafina take kamar yarinya. Gajiyar hanya ce.

Alhamis, 11 ga Yuli

Bari in rubuta.

Na kai ta lambun furanni nan Bronx, ni da 'yata Hanan. Daga nan muka tsallaka inda ake ajiye tsuntsaye. A bakin wani tafki muka tarar da filamingo: ruwan hoda, dogayen wuya, kowane a tsaye kan ƙafa ɗaya, wasu sun kifa kai cikin ruwa suna kiwo. Umma ta tafa hannu. "Kai! Wa ya rina balbelu haka?" Rabon da in ji dariyarta irin wannan tun Abba na da rai.

Hanan na ta "Grandma, look!" ina fassarawa. Can Umma ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, cikin ladabi ta ce, "Baiwar Allah, kin kyauta da kika raka ni. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, na zaci wasa ne. Na ce, "Umma, Fauzia ce fa." Ta ce, "Allah sarki, sunan 'yata. Tana Amurka, ba ta zuwa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Tsuntsayen na ta kukansu kamar agwagi.

Juma'a, 12 ga Yuli

Yau ta gane ni. Har faɗa ta yi mini kan gishirin miya.

Asabar, 13 ga Yuli

Na kira Yaya Shitu a Kano. Ya ce tun kafin azumi abin ya fara. Ta taɓa fita da safe, sai can unguwar Kurna aka tsinto ta, babu takalmi. Na ce me ya hana a gaya mini? Ya ce, "Kina can, me za ki yi?" Wai sun ɗauka idan ta gan ni za ta warware.

Ni da aikina ke nan, kula da tsofaffin wasu. Da uwar wani ce, daga muryarta a waya zan gane.

Laraba, 17 ga Yuli

Likita ya faɗi sunan ciwon. Na riga na san shi.

Talata, 23 ga Yuli

Ba ta tuna ta ci abincin rana ba, amma ta tambaye ni rinannun balbelu. Muka koma. Ta daɗe tana kallo, hannunta cikin nawa. Ban tambaye ta ko ta san hannun wa ta riƙe ba. Tsoro nake ji.

Laraba, 7 ga Agusta

Yau ne jirginta na komawa Kano. Yaya Shitu ya yi ta kira, ban ɗauka ba. Zan kira shi gobe, ko jibi.

Na kwashe kayana daga rabin durowa na jera mata zannuwanta. Ba wai na yanke wata shawara ba ce. Akwatin ne ya tare hanya.