Wayoyin Jirgin Yeji

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka daga Aboabo. Yaya jikinka, yaya Anti Rabi da yara, yaya zaman Jos? Mu nan lafiya lau.

Makon jiya wani mai jirgin ruwa ya zo shagonmu na wayarin ya ɗauke ni zuwa garin Yeji da ke bakin ruwa, wai fitilar sabon jirginsa tana ɗaukewa. Da na buɗe akwatin batir sai na ga ɓarna. Waɗanda suka ƙera jirgin sun sa siririyar waya, an murɗe mahaɗa da hannu an naɗe da tef, babu fiyus ko ɗaya, ga jarkar fetur a gefe. Kuma mata 'yan kasuwa yake ɗauka da goyonsu.

Mai jirgin ya ce, "Masta, ɗan haɗa kawai mu tafi."

Na ce, "Alhaji, ko a sake wayar duka, ko ka nemi wani."

Ya yi ta faɗa, amma ya yarda. Kwana uku na yi ina aikin ni kaɗai. Sau biyu na miƙa hannu baya don ka ba ni filaya, na manta ba ka nan.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Kawu Isa. Ka riƙa kirana ko ba ka da labari.

Ƙaninka,
Sani