Na Ware Wa Ɗana Kwano Har Kwana Arba'in

Assalamu alaikum Hajja Ummusalama. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma magana ce da ba zan iya kai wa ko maƙwabciya ba.

Mijina ya rasu shekara shida ke nan, ya bar min 'ya'ya biyu, Munir da ƙanwarsa Jannatu. Munir yanzu shekararsa goma sha tara. Tun yana sha biyar yake fita gonakin yankin Simsim yankan riɗi, daga baya aka ba shi tarakta. Shi ke riƙe da mu, ban ɓoye ba.

Bayan kakar bara ina wanke jallabiyarsa na ji wani wari kamar dabino ya lalace. Wallahi ban san warin ba. Na miƙa wa ƙanena Tijjani, ya shinshina, ya ce aragi ne, giyar dabino. 

Da na tambayi Munir bai musa ba. Ya ce 'yan Habasha da suke aiki tare sun gaya masa can wajensu shekaru doka take dubawa, wanda ya kai ya sha abinsa, wai har gardama ake ko a rage shekarun. Ya ce ranar da aka ɗora shi kan tarakta ba wanda ya tambayi shekarunsa, abokansa biyu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba ma ba a ce sun yi ƙanƙanta ba, sai wajen kofi ɗaya ne zai zama yaro? Ni sai hawaye. Tijjani kuma cewa ya yi in sassauta, matsi ne ke tura samari su sha a ɓoye har su ci karo da gurɓataccen aragi mai makantarwa. Ni dai abin da na sani, haram ba ta da shekaru.

A makarantar allo an karantar da mu cewa giya najasa ce, kuma mai shanta ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Sai na cire shi daga siniya, babban farantin da muke ci tare, na ware masa kwano da kofi, na ce in ya cika arba'in babu sha ya dawo. Kowace safiya ina jefa ƙwallon dabino ɗaya a gwangwanin shayi. Ranar da na ji warin sai in zubar, a fara daga farko. Hajja, ba mu taɓa wuce goma sha ɗaya ba. Ran nan ya tarar da ni ina zubarwa, ya tsaya ya dube ni.

Tun Babbar Sallah bai sake taka gidan ba. Sukari da mai kawai yake aikowa ta hannun wani direba. Abin da ya fi kashe ni, na ji ya bar sallah gaba ɗaya, wai me zai yi da sallar da uwarsa ma ta ce ba a karɓa. Jannatu har yau tana wanke kwanonsa ta kife. Ni na kore shi daga sallah? In na mayar da shi siniya, ban yarda da saɓo ba ke nan? Na daina ganin mafita.

Uwa mai gwangwani, Gadarif

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sanyaya miki.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya: giya ba ta halatta da shekaru, ko dokar wace ƙasa ce ta yanke. Kada ki ja da Munir a kan lissafin shekaru, ba nan ciwon yake ba. Yaron da ya ɗauki gida tun yana sha biyar, ya rasa abokai biyu, cewa yake yi ya gaji. Tijjani ma yana da rabin gaskiya. Matsi ya kore shi, amma barinsa haka ba magani ba ne.

Inda kika kuskure shi ne gwangwanin. Kwana arba'in ɗin magana ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, ba a ba uwa riƙon lissafinta ba. Malamai sun ce lada ne ake hana mai sha, sallar kuwa tana nan a wuyansa, kuma tuba na shafe abin ko a rana ta farko. Najasa kuma a kan abin shan take. Hannun ɗanki in ya wanke tsarkakke ne. An taɓa kawo mashayi gaban Manzon Allah (SAW), wani ya tsine masa, Manzon Allah ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Tambayi malamin da kika amince da shi, za ki ji haka.

Kada ki aika saƙo. Ki sa Tijjani ya raka ki Simsim da kisra da miyar da yake so, a kwano ɗaya. Ki ce masa kin yi kuskure a maganar sallah, da bakinki. Sharaɗi biyu kawai: kada abin ya shigo gidanki, kada ya hau tarakta da shi a kai. In jikinsa na rawa idan bai sha ba, likita za ku gani, kada ya yanke shi kaɗai.

Ba zan yi miki alkawarin zai bari ba. Wasu suna daɗewa, wasu uwayensu ba su ga ranar ba. Amma in zai sake faɗuwa, gara ya faɗi kusa da ke. Ki zubar da ƙwallayen nan karo na ƙarshe, ki ce wa Jannatu ta mayar da kwanon cikin sauran kwanuka.

Allah ya shirya Munir, ya ba ki ikon jira.

Hajja Ummusalama