Takardar Malam Aruna a Cikin Agogo

Zuwa ga Yaya Safiyyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙi. Mu nan Doha lafiya lau, matata Fausatu ma ta warware daga zazzaɓin.

Yaya, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Kin san tsohon Balaraben da nake kula wa da injinan gidansa a Ain Khaled. Yana da wani agogo da aka ƙera a Turai shekara ɗari biyu da suka wuce, ya fi ni tsawo. Ban da lokaci, yana nuna rana da wata da shekara, har da wani ƙwallon azurfa mai cika yana raguwa daidai da farin wata na sama. Wanda ke murɗa masa makulli duk Alhamis, shekara goma sha tara, shi ne Malam Aruna, dattijo daga zangon Kumasi. Ya rasu a watan Rajab, a nan muka binne shi, babu ɗan'uwansa ko ɗaya a kan kabarin.

Yanzu aikin ya dawo hannuna. Ya taɓa gaya mini cewa watan agogon yana ɗan riga na Allah gudu, duk bayan kusan shekara uku sai a mayar da shi baya da kwana ɗaya. Watan jiya na lura lokacin ya yi. Da na buɗe ƙofar bayan agogon, sai na tarar da takarda manne a jikin katako, da rubutun ajami. Sau bakwai ya yi gyaran, kowanne ya sa kwanan wata. A ƙarƙashin kowanne kuma akwai sunayen mutanensa da suka rasu a gida bai je jana'izarsu ba. A na farko mutum ɗaya ne. A na huɗu na ga mahaifiyarsa. A na shida akwai matarsa Alimatu, wadda har bara yake ba ni labarinta kamar tana raye, yana cewa tana jiransa ya gama.

Na daɗe a tsaye, ƙafafun injin suna juyawa kusa da kunnena, ƙamshin turarensa bai bar cikin akwatin ba. Har na waiga, don na ji kamar gyaran muryarsa a bayana. Maigidan ya leƙo, ya ce in rubuta nawa kwanan watan a ƙasa, yalla, wato maza, kamar yadda marigayi yake yi. Bai iya karanta ajami ba, ya ɗauka lissafi ne kawai. Na rubuta. Sai na ga hannuna ya ƙara sunan Kawu Umar Faruq da ya rasu ina nan, ban yi niyya ba.

Tun ranar, duk Alhamis sai na yi ta zagaye ɗakin kafin in iya shiga.

Yaya, shekarata shida ban taka Zariya ba. Kullum kuna ce mini Inna da sauƙi, ni kuma ina karɓa don haka ya fi mini daɗi. Don Allah ki faɗa mini gaskiyar halin da take ciki, kada ki rage komai. Na nemi hutu, an ba ni daga farkon Shawwal. Idan kin ga Shawwal ya yi nisa, ki ce mini in taho yanzu, zan ajiye musu makullin agogon.

Ki gaishe da Inna, ki riƙe mini hannunta. Ki gaishe da Gwaggo Zalihatu da Abdulhakeem da Aminat.

Ƙaninki mai kewarku,
Shehu