Na Sa Yayata a Littafi, Ta Daina Miƙo Min Ƙoƙo

Goggo Eulalia, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Shekarata hamsin da takwas, talatin daga ciki ina rubuta ƙagaggun labarai. Littattafai shida na yi babu wanda ya kula, sai na bakwai ya tashi. An fassara shi, an ba ni lambar yabo a Madrid, na dawo otal na rasa wanda zan buga wa waya.

Ga abin da na yi. Yayata Amparo ta taɓa gaya min, mu biyu a kicin, cewa wata rana ta haɗa kayanta a wata jaka ruwan ɗorawa za ta bar mijinta Ramiro, har ta je tasha, ta zauna awa uku, ta koma gida ta ɗora girki. Na sa wannan a littafin. Na canza suna, na canza gari, amma na bar jakar ruwan ɗorawa, don wallahi ba ta yi min daɗi da wani launi ba. Ramiro ya karanta, kuma shi ya saya mata jakar.

Har yanzu ina zuwa cin abincin Lahadi da dangi ke taruwa. Bayan an ci, Amparo ce ke zuba mate, abin shan ganyen nan namu na gargajiya, ƙoƙo ɗaya yana zagaya kowa. Idan ya zo kaina sai ta tsallake ni, ta kawo min shayi a kofi kamar baƙuwa. Ina shiga takan ce, "Ku iya bakinku, marubuciya ta iso." Sai hira ta koma ƙwallo. Shekara biyu ke nan. Ba ni da miji, ba ni da ɗa, ita kaɗai gare ni. Na yi mata bayanin yadda adabi yake har na gaji. Kewarta nake, Goggo.

Mai alƙalami, daga Paysandú

Ƙanwata, kowane marubuci daga gida yake ɗebo labari, ban ga laifinki a nan ba. Kuma tsallake ki a gaban jama'a shekara biyu horo ne mai tsanani.

Amma ke ma kin san jakar nan ba mantuwa ba ce. Kin auna yayarki da shafi guda, kika zaɓi shafin. Ki daina yi mata bayanin adabi, ba ɗalibarki ba ce. Mace ce da take kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ya karanta sirrinta.

Ki je ranar Talata, ba 'yan kallo. Ki ce kin ci amanarta, kada ki biyo da "amma". Ki tambayi yadda suke da Ramiro, ki yi shiru ki saurara. Ƙila ta kore ki, sai ki koma wata Talatar.

Idan kuma wata rana ta sake buɗe miki cikinta, wannan labarin ya tsaya a wurinki, ko da ya fi duk abin da kika taɓa rubutawa. In kin san ba za ki iya ba, ki ƙyale ta ta huta.

Allah ya daidaita tsakaninku.

Goggo Eulalia